Haɗin Gwiwar Jiha da Ƙananan Hukumomi Wajen Gina Gidajen Yari: Nazari Daga Jos

1.0 Gabatarwa

Da yammacin ranar Lahadi 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2021 wasu 'yan bindiga suka auka wa gidan yarin da ke tsakiyar garin Jos, babban birnin Jihar Filato. Bayan ƙura ta lafa, hukumar gidajen yari ta bayyana cewa mutum 262 sun tsere, kuma ma'aikaci ɗaya da wasu daga cikin tsararrun sun rasa rayukansu. Ta kuma ce a wannan rana gidan yana ɗauke da mutum 1,060, daga cikinsu 560 ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wato fiye da rabin mutanen da ke kulle ba a tabbatar da laifinsu ba tukuna.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin yadda ake raba nauyin gina gidajen yari da ɗaukar ɗawainiyarsu tsakanin matakan gwamnati a Nijeriya, tare da ɗaukar Jos da Jihar Filato a matsayin misali. Za a waiwayi zamanin En'e, lokacin da gidan yari yake hannun hukumar gargajiya, sannan a dubi dalilan da suka sa aka karɓe shi a 1968, da kuma ƙofar da gyaran tsarin mulki na 2023 ya buɗe wa jihohi. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, ana iya haɗa aljihu wajen gina gidan yari, kuma akwai alfanu cikin yin haka, amma tarihi ya nuna haɗarin barin mabuɗinsa a hannun wanda yake riƙe da mulkin gari.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Tsare Mai Laifi

Kafin a shiga cikin batun, yana da kyau a dubi kalmomin da Bahaushe yake amfani da su, domin kowace tana ɗauke da wani yanki na tarihi. Kalmar kurkuku tsohuwa ce, kuma tana nufin wurin da ake kulle mutum. Shi kuwa gidan yari ya samo sunansa ne daga sarautar Yari, wato bafaden da sarki ya ɗora wa alhakin tsare masu laifi. Wannan suna kaɗai ya isa shaida cewa tun kafin zuwan Turawa ana ɗaukar tsare mai laifi a matsayin aikin fada. Akwai kuma gidan wakafi, inda ake ajiye wanda ba a gama shari'arsa ba. Fursuna kalma ce da aka aro daga Ingilishi, ta kuma zauna daram har ta haifi jam'inta, fursunoni, kamar yadda gandiroba ya zama sunan ma'aikacin da ke tsaron su. A bakin jama'a ana jin gidan kaso da gidan maza da jarun. Daga shekarar 2019 aka fara jin gidan gyaran hali a kafofin watsa labarai, bayan doka ta sauya wa hukumar suna. A wannan takarda za a yi amfani da gidan yari, domin shi ne sunan da ya fi karɓuwa.

3.0 Gidan Yari a Zamanin En'e

3.1 Tsari Mai Hawa Biyu

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasashen Arewa a farkon ƙarni na 20, ba su rushe gidajen yarin sarakuna ba. Sun bar su a ƙarƙashin hukumomin gargajiya, waɗanda aka fi sani da En'e, sannan suka gina nasu na Gwamnati a 'yan wurare kaɗan, kamar Lakwaja da Kaduna da Jos. Ta haka aka sami tsari mai hawa biyu. Gidan yarin En'e yana karɓar waɗanda kotun alƙali ko ta sarki ta ɗaure, na Gwamnati kuwa yana karɓar waɗanda kotunan Turawa suka hukunta, da wasu masu dogon wa'adi da ake turowa daga larduna.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne baitulmali. Daga wajajen 1911 aka fara kafa baitulmalin En'e a masarautu, inda ake zuba kason da aka bar wa hukumar gargajiya daga haraji da jangali, bayan Gwamnati ta ɗauki nata. Daga wannan kaso ake biyan albashin alƙali da 'yan doka da gandirobobi, ake sayen hatsin fursunoni, ake kuma yaɓen katanga idan damina ta ci ta. Jami'an Gwamnati, wato Razdan da Di'o da likita, suna zagayawa su duba gidan su rubuta rahoto. Ke nan akwai haɗin gwiwa tun a wancan lokaci: ƙaramar hukuma ce ke gini da ciyarwa, babbar gwamnati kuma ke sa ido.

3.2 Halin da Lardin Filato Ya Sami Kansa

Wannan tsari ya fi dacewa da manyan masarautu irin su Kano da Sakkwato da Katsina, masu yawan jama'a da kaurin baitulmali. Lardin Filato, wanda aka kafa a 1926, ya sha bamban. Ƙasa ce ta al'ummomi masu yawa, kowace da harshenta da shugabanninta, kuma hukumomin gargajiyarta ƙanana ne idan aka kwatanta da na masarautun Arewa mai nisa. Bugu da ƙari, haƙar kuza ta jawo dubban leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914. Garin Jos ya tashi ne a matsayin matattarar baƙi, inda Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe da Bature suke cuɗanya a kan sha'anin kuza. Irin wannan gari ba a iya barin tsaronsa ga hukumar gargajiya guda ita kaɗai, shi ya sa ya kasance cikin 'yan wuraren da Gwamnati ta riƙe gidan yarinta da kanta. Darasin farko da Filato take koyarwa ke nan: ƙaramar hukuma mai ƙaramin aljihu ba ta iya ɗaukar gidan yari ita kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.3 Amfani da Aibin Tsarin

Tsarin En'e yana da wani amfani da bai kamata a manta da shi ba. Hukumar da ke ɗaure mutum ita ce ke ciyar da shi. Duk fursunan da aka ƙara, baitulmali ne zai ji a jikinsa. Haka kuma gidan yana kusa da dangin ɗaurarre, kuma ana fita da fursunoni su yi shara da gyaran hanya da sauran ayyukan gari.

Aibin kuwa ya fito fili ne da siyasar jam'iyyu ta kankama. Daga kafa jam'iyyar NEPU a 1950 har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko a 1966, 'yan hamayya a Arewa sun yi ta kukan cewa ɗan doka da alƙali da yari duk yaran gida ɗaya ne. Wanda ya kama mutum, da wanda ya yanke masa hukunci, da wanda ya kulle shi, duk daga baitulmali guda suke karɓar albashi, kuma ga hukuma guda suke biyayya. An ɗaure 'yan hamayya da dama a kan laifuffuka irin su yin taro ba izini ko zagin masu sarauta, kuma Hajiya Gambo Sawaba tana cikin waɗanda suka sha shiga gidan yari a wannan zamani. Hatta Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, ta saurari koke-koke a kan kotuna da 'yan dokan En'e.

4.0 Komawar Gidajen Yari Hannun Tarayya

Da sojoji suka karɓi mulki a 1966, an kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yusufu Gobir domin ya duba makomar 'yan doka da gidajen yarin En'e. Bisa shawarar kwamitin, Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e daga ranar 1 ga Afrilu 1968, kuma Dokar Soja mai lamba 9 ta 1972 ta shimfiɗa wa hukumar gidajen yari ta ƙasa tsarin aikinta. A daidai wannan lokaci ne kuma aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin jihohi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rufe babin En'e baki ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da wannan matsayi, inda ya sanya gidajen yari cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka. Ita ma Ingila ta bi irin wannan hanya tun da daɗewa, domin dokar 1877 ce ta karɓe gidajen yari daga hannun hukumomin gundumomi ta mayar da su hannun gwamnatin tsakiya.

Ba a ce komawa hannun tarayya ta hana tsare mutum saboda siyasa ba. Gidan yarin Jos kansa ya karɓi Janar Olusegun Obasanjo bayan an ɗaure shi a 1995 a zamanin Janar Sani Abacha, kafin a mayar da shi Yola. Sai dai matakin ya raba mai mulkin gari da mabuɗin kurkuku, wanda shi ne babban abin da aka nema.

Amma an yi maganin wata cuta, wata kuma ta ɓullo. Idan aka bi sawun mutum guda da ake tuhuma a Jos, za a ga inda gizo ke saƙar. Ɗan sandan da ya kama shi ma'aikacin tarayya ne. Laifin da ake tuhumarsa da shi, kamar sata ko jikkata wani ko kisan kai, galibi yana ƙarƙashin dokar jiha ne. Majistaren da ya ba da umurnin a tsare shi ma'aikacin jiha ne. Lauyoyin da za su ba da shawara ko a gurfanar da shi ko a sallame shi suna Ma'aikatar Shari'a ta jiha. Amma gidan da zai kwana, da tuwon da zai ci, da motar da za ta kai shi kotu, duk a wuyan tarayya suke. Ƙaramar hukumar da ya fito, inda matarsa da 'ya'yansa suke, ba ta da ko ta cewa. Saboda haka idan fayil ɗinsa ya kwana shekara a kan tebur, babu ko kwabo da zai fita daga asusun jiha. Wanda ke aikawa daban, wanda ke biya daban. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa masu jiran shari'a suka kai kimanin kashi biyu bisa uku na tsararru a faɗin ƙasar a shekarun baya-bayan nan.

5.0 Sabuwar Ƙofa: Dokar 2019 da Gyaran 2023

Sauye-sauye uku ne suka sake tayar da maganar haɗin gwiwa. Na farko shi ne dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2019, wadda ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali. Dokar ta raba aikin gida biyu: tsarewa, da kuma hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin gayya ga al'umma, da sakin talala, da sasanta mai laifi da wanda aka cuta. Har ila yau ta umurci shugaban hukumar na jiha da ya sanar da Babban Jojin jiha da sauran hukumomi idan gida ya cika, ta kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbin tsararru idan ba a ɗauki mataki ba.

Na biyu shi ne gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wanda ya fitar da gidajen yari daga jerin ikon tarayya kaɗai ya mayar da su cikin jerin da tarayya da jihohi suke tarayya a kai, tare da jiragen ƙasa da wutar lantarki. Ma'anar wannan ita ce, Majalisar Dokokin Jihar Filato tana da ikon yin dokar kafa gidan yarin jiha. A watan Mayu na wannan shekara Ministan Harkokin Cikin Gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya bayyana cewa mafi yawan tsararru dokokin jihohi suka karya, don haka ya kamata jihohi su ɗauki nauyin ciyar da nasu.

Na uku shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamnoni ba su da ikon riƙe shi. Wannan hukunci yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai, domin an daɗe ana kukan cewa da sunan ayyukan haɗin gwiwa ake zaftare kuɗin ƙananan hukumomi a asusun haɗaka na jiha. Duk wata yarjejeniyar gina gidan yari da za a ƙulla bayan wannan hukunci, tilas ta kasance da yardar majalisar ƙaramar hukuma, ba a yanke kuɗin tun daga sama ba.

6.0 Siffofin da Haɗin Gwiwa Zai Iya Ɗauka a Filato

Jihar Filato tana da ƙananan hukumomi 17, kuma ban da na Jos akwai gidajen yarin tarayya a garuruwa irin su Pankshin da Langtang da Shendam da Wase, da gonar fursunoni a Lakushi. Tsarin mulki bai lissafa gidan yari cikin ayyukan ƙaramar hukuma ba, saboda haka ba ta da ikon buɗe nata. Amma ayyukan da aka lissafa mata sun ba ta hanyoyin shiga guda huɗu.

(a) Fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, amma ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da filin da ba na birni ba. Gidan yarin da aka gina a gefen gari a zamanin Turawa, yau gari ya kewaye shi, kamar yadda ake gani a Jos. Fitar da irin wannan gida zuwa bayan gari yana bukatar ƙaramar hukumar da za ta ba da fili ta kuma sasanta da masu gonaki.

(b) Karo-karo. Ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, alal misali Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Jos ta Gabas da Bassa, suna iya haɗa kuɗi da jiha a gina gidan wakafi guda kusa da kotunan da ke yi musu aiki. Irin wannan tsari sananne ne a Amurka, inda gundumomi ke riƙe da gidajen masu jiran shari'a da masu gajeren wa'adi, jiha kuma ke riƙe da na masu dogon wa'adi. A jihar Kalifoniya wata doka ta 2007 ta tanadi kuɗin gina gidajen yarin gundumomi bisa sharaɗin kowace gunduma ta kawo nata kaso.

(c) Hidimomi. Ƙaramar hukuma tana da hannu a kiwon lafiya na matakin farko, da ilimin manya da koyar da sana'a, da gyaran hanyoyin karkara. Tana iya tura ma'aikacin lafiya da malamin yaƙi da jahilci da mai koyar da kafinta ko ɗinki, ba tare da ta taɓa mabuɗi ba.

(d) Hukuncin da ba na tsarewa ba. A nan ne gudummawar ƙaramar hukuma ta fi araha ta kuma fi amfani. Kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara duk nata ne. Wanda aka yanke wa aikin gayya maimakon ɗauri, a irin waɗannan wurare zai yi shi. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da sanarwar sakin mutum 4,068 da suke kulle saboda sun kasa biyan tara, bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. Da yawa daga irin waɗannan ba su bukatar katanga tun da farko.

7.0 Abubuwan Lura

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, gini sau ɗaya ake yin sa, amma ci da sha da albashi da magani kullum ne. A 2024 sai da tarayya ta ƙara kuɗin abincin kowane tsararre daga naira 750 zuwa 1,125 a rana saboda tsadar kaya. Jihar da ke fama da biyan albashin malaman firamare, idan ta gina gidan yari ba ta tanadi cefanensa ba, ta gina wa mutane kabari ne. Rushewar katangar gidan yarin Suleja da ruwan sama ya yi a watan Afrilu na 2024, da ta Maiduguri a ambaliyar Satumba ta wannan shekara, sun nuna abin da rashin kula da tsohon gini ke haifarwa.

Na biyu, ƙarin ɗakuna ba ya rage cunkoso muddin shari'a tana tafiyar hawainiya. Tarayya ta gina katafaren gida mai ɗaukar mutum 3,000 a Janguza kusa da Kano, amma ko wane irin gida aka gina zai cika idan ana shiga ba a fita. Ita ma Kalifoniya sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tilasta mata rage yawan fursunoninta a 2011, duk da gine-ginen da ta yi.

Na uku, kuma mafi nauyi ga Jos, shi ne batun amana. Gari ne da ya sha rikice-rikicen ƙabilanci da addini, musamman a 2001 da 2008 da 2010, kuma rikicin 2008 ya tashi ne daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A irin wannan wuri, gidan yarin da ake gani mallakar ɓangare ɗaya ne zai zama abin tsoro ga ɗaya ɓangaren, ko da kuwa ana gudanar da shi bisa gaskiya. Wajibi ne dokar da za ta kafa shi ta tanadi cewa ba a karɓar kowa sai da takardar kotu, ba shugaban ƙaramar hukuma ko wani mai riƙe da muƙamin siyasa da zai iya sa a kulle ko a buɗe, ɗaukar ma'aikata ya game dukkan al'ummomin jihar, kuma alƙalai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa su sami damar shiga dubawa a kowane lokaci.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda an ga yadda gidan yari ya taso daga hannun Yari a fada, ya zama aikin En'e da baitulmalinta, ya koma hannun tarayya a 1968, sannan gyaran 2023 ya sake ba jihohi damar shiga. An ga cewa tsarin En'e ya haɗa mai ɗaurewa da mai biya, wanda ya sa ake jin nauyin kowane fursuna, amma ya haɗa su da mai mulki, wanda ya buɗe ƙofar zalunci. Tsarin tarayya ya toshe wannan ƙofa, amma ya bar jiha tana aikawa ba ta biya. Haɗin gwiwar da zai amfani Filato shi ne wanda zai mayar wa jiha da ƙananan hukumominta wani kaso na ɗawainiya, domin su ji zafin jinkirin shari'a a aljihunsu, ya kuma bar ikon kullewa da buɗewa a hannun kotu kaɗai. Mutum 560 da ke jiran shari'a a gidan yarin Jos ranar da aka kai hari su ne ma'aunin da ya kamata a gwada kowace yarjejeniya da shi: shin za ta gaggauta kai irinsu gaban alƙali, ko kuwa za ta ƙara musu ɗakin jira ne kawai?